Zauren Tambaya da Amsa: Wai duk Turawa sun daina kashe wanda ya yi kisa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Gardama ce ta sarƙe mana a majalisarmu ta bakin Kantin Kwari bayan la'asar. Ni na ce Turawa gaba ɗayansu sun soke hukuncin kisa shi ya sa suke matsa mana mu ma mu daina, abokina ya ce ina, a Amurka har gobe ana kashewa kuma ba a ɓoye ba. Aka ce a kawo maka ka raba mu.
Daga mai karatu a Fagge

AMSA: Wa alaikumus salam. To ɗan'uwa sai dai ka yi haƙuri, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma kai ma ba a kayar da kai warwas ba. Matsalar ita ce mun saba haɗa su duk a kwando ɗaya mu ce Turawa, alhali a wannan magana Turai daban, Amurka daban.

A Turai kam an gama. Jamus ta Yamma tun 1949 ta rubuta a tsarin mulkinta cewa babu hukuncin kisa, kuma ba abin mamaki ba ne idan ka tuna irin kisan da gwamnatin Hitila ta yi da sunan shari'a. Ingila ta rataye mutum biyu na ƙarshe a watan Agusta 1964, a 1965 majalisa ta dakatar da hukuncin kan laifin kisan kai, a 1969 ta tabbatar. Faransa ce ta yi nawa, don har 1977 tana sare kan mutum da injin nan nasu mai faɗo da wuƙa daga sama, sai 1981 zamanin Shugaba Mitterrand da ministan shari'arsa Robert Badinter aka soke. Kanada ta bi sahu a 1976, Ostireliya kuma ratayarta ta ƙarshe a 1967 ce. Yau a duk faɗin Turai Belarus ce kaɗai ke aiwatarwa, ita kuwa ba wanda zai kira ta ƙasar dimokuraɗiyya.

Abin da ya girgiza Ingila shi ne labarin wani direba Timothy Evans. An rataye shi a 1950 bisa zargin ya kashe 'yarsa jaririya, babban mai ba da shaida a kansa kuwa maƙwabcinsa ne da suke gida ɗaya, John Christie. Bayan shekara uku sai ga gawarwakin mata an tono a cikin bangon kicin ɗin Christie da ƙarƙashin daɓe da cikin lambun gidan, ashe shi ne makashin, har ya amsa cewa shi ya kashe matar Evans. A 1966 aka yi wa Evans afuwa, mutumin da ya shekara goma sha shida a kabari. Ka ga irin wannan ko mai taurin zuciya sai ya yi shiru.

Amma fa kar ka ɗauka talakawan Turai ne suka fito suka ce a soke. Lokacin da Faransa ta soke, ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna fiye da rabin mutanen ƙasar suna son a ci gaba da kashewa, haka ma Ingila. 'Yan majalisa ne suka yi gaban kansu, sannan suka kulle ƙofa da yarjejeniyoyi, ɗaya a 1983 ta hana kisa lokacin zaman lafiya, ɗaya a 2002 ta hana ko da a lokacin yaƙi. Yanzu duk ƙasar da ke son shiga Tarayyar Turai sai ta ajiye igiya tukun, kuma ba sa miƙa wa Amurka wanda take nema sai ta yi alƙawarin ba za a kashe shi ba.

Amurka ita tsarinta ne bai ba da wannan hanyar ba. Kowace jiha cikin hamsin da dokar laifukanta, kuma a mafi yawansu mai gabatar da ƙara zaɓensa ake yi kamar ciyaman, to mutumin da zai koma neman ƙuri'a ai ba zai so a ce yana lallaɓa 'yan ta'adda ba. Kotun Ƙolinsu ta tsayar da hukuncin a 1972, ta sake buɗewa a 1976, aka yi ta hawa har aka kashe mutum 98 a 1999 kaɗai. Daga nan ya yi ta sauka, a 2024 mutum 25 ne. Jihohi 23 sun soke, har da Bajiniya a 2021, wadda ita ce ta farko a kudu, Mishigan kuwa tun 1840 da wani abu ta daina, kafin Ingila da Faransa da sama da shekara ɗari. Wasu jihohin dokar na nan amma gwamna ya dakatar, kamar Kalifoniya. Teksas ita kaɗai ta kashe sama da mutum 500 tun 1982.

Sai kuma rigimar yadda za a kashe ɗin. Allurar guba suka fi amfani da ita, sai Turai ta hana sayar musu da magungunan a 2011, kamfanoni ma suka noƙe, shi ne Alabama ta koma shaƙe mutum da iskar naitirojin a Janairun 2024, Karolina ta Kudu kuma ta fara kashewa da harbi a 2025. A matakin tarayya kuwa abin ya koma wa ke kan mulki: Trump ya sa an kashe 13 a watanninsa na ƙarshe na zangon farko, Biden ya mayar wa 37 cikin 40 hukuncinsu ɗaurin rai da rai a Disambar 2024. Ni dai a ganina ran mutum bai kamata ya rataya a kan wa ya ci zaɓe ba, ko kana goyon bayan hukuncin ko ba ka yi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni tambayata, ƙasashen da suka soke ɗin kashe-kashe bai ƙaru ba? Don mu nan ana cewa rashin sa hannun gwamnoni a takardar aiwatar da hukuncin kisa ne ya sa mutane ba sa tsoro.
Daga wata ɗaliba a Kabuga

AMSA: Lafiya lau Malama. A Kanada kisan kai ya kai ƙololuwa a 1975, bayan sokewa sai ya yi ta raguwa a hankali, kuma a Amurka jihohin da ba sa kashewa ba su fi masu kashewa yawan kisan kai ba, hasali ma kudu inda aka fi aiwatarwa nan ne kisan ya fi yawa. Sai dai wannan bai nuna sokewar ce ta kawo sauƙi ba, talauci da yawan bindiga da ingancin 'yan sanda duk suna ciki. Abin da masu bincike suka fi yarda da shi shi ne tabbacin za a kama ka ya fi tsananin hukunci hana laifi.

Mu namu kuma wani iri ne, ba mu soke ba, kuma ba kasafai muke aiwatarwa ba. Sama da mutum 3,000 ke jiran hukuncin kisa a gidajen yarin Najeriya, wasu a nan Kurmawa, kuma ratayar da aka sani ta baya-bayan nan a jihar Edo aka yi, a 2013 da 2016. Ko shari'ar yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya kashe, da Kano gaba ɗaya ta tsaya a kai har kotu ta yanke masa kisa a 2022, ai kin ga yanke hukunci daban, aiwatarwa daban. Sannan akwai abin da dokar Amurka ba ta da shi: a ƙisasi dangin mamaci ne ke da haƙƙin su ce a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe. A Teksas ko uwar mamacin ta durƙusa ta ce ta yafe, jiha na iya ci gaba da abinta.