"Turo min aka yi ni ma na tura": Barista da laifina a ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni ce admin ɗin wani guruf na WhatsApp na matan da muka yi sakandare tare, mun kai mu 80, yawanci muna nan Katsina wasu Daura. Satin da ya wuce aka turo min wata murya ana cewa an fasa auren wata yarinya ne don an gano tana da ciki, ban yi tunani ba na tura gurufinmu na rubuta "kamar yadda aka turo min, Allah ya shirya mana zuri'a". Ashe ɗiyar yayar wata 'yar gurufin ce. Na goge amma an riga an ɗauki sikirinshot, yanzu baban yarinyar ya ce kotu zai kai mu. Maigidana ya tambayi wani ya ce mashi ba komai tunda ba ni na ƙirƙira ba. Wallahi kwana uku ban runtsa ba. Da laifina? Kuma wace ƙa'ida zan sa ma gurufin nan? Daga wata 'yar'uwa, Kofar Kaura.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kwantar maki da hankali, amma ba zan ɓoye maki ba don ki samu barci, eh da laifinki, kuma wanda ya ce ma maigidanki ba komai bai san abin da yake faɗa ba.

Wannan magana ta "ai ba ni na rubuta ba, turo min aka yi" ita ce ta fi ci min rai a aikin nan, kusan kullum sai na ji ta, daga 'yan boko har 'yan kasuwa, kowa ya ɗauka in ya rubuta "kamar yadda na samu" ko "an ce" a saman saƙo to ya yi ma kanshi laya. Babu wata laya. A dokar ɓata suna ta Final Kod, wato kundin dokokin laifuka da aka fara aiki da shi a Arewa a 1960, laifin ya haɗa da wanda ya ƙirƙiri maganar da wanda ya yaɗa ta, kuma duk lokacin da aka maimaita maganar ga wani mutum na uku to sabon yaɗawa ne mai zaman kanshi. Matar da ta naɗi muryar wataƙila mutum biyar ta tura ma, ke da danna yatsa ɗaya kin kai ta kunnen mata 80, kowace da miji da ƙanne da nata gurufin. Wa ya fi yi ma yarinyar nan ɓarna a cikinku? Kuma wannan "Allah ya shirya mana zuri'a" da kika ƙara, a gaban alƙali ba addu'a za a karanta ta ba, za a ce kin gaskata zancen ne har kika yi mashi hatimi.

Wai kuma a ce "ai gaskiya ne". Ko da gaskiya ne, a ɓangaren laifi sai ka nuna akwai amfanin jama'a a bayyana shi, wane amfanin jama'a ke cikin tona asirin yarinyar da ba ta riƙe da muƙamin kowa? Balle naki ya ma wuce nan. Katsina muna da kotunan shari'ar Musulunci, kuma cewa budurwa tana da ciki jifa ne da zina, sunanshi ƙazafi. Aya ta 4 a Suratun Nur kowa ya san ta: shaidu huɗu ko bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarka. A mazhabar Malikiyya da muke kai ko da habaici aka yi, in dai an fahimci zina ake nufi, ana ɗaukar shi ƙazafi.

Ku koma ƙissar ƙagen da aka yi ma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Abdullahi bn Ubayyu ne ya ƙulla zancen, amma waɗanda ruwayoyi suka ambata an yi ma bulala su ne Misɗahu da Hassanu bn Sabit da Hamnatu bint Jahshi, sahabbai ne, muminai, Misɗahu ma ya halarci Badar, laifinsu sun ji sun faɗa. Da a yau ne da mun ce "turo masu aka yi". Aya ta 15 a Suratun Nur ɗin ta siffanta mu sak, kuna karɓar zance da harsunanku, kuna faɗin abin da ba ku da ilimi a kanshi, kuna ɗauka abu ne mai sauƙi alhali a wurin Allah babba ne. Ga hadisin da Muslim ya kawo, ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. To don Allah ina lauyoyin teburin mai shayi suka samo cewa mai turawa ba shi da laifi? Wallahi suna jefa mutane a rami, mutum ya zauna yana jin shi lafiya lau har sai sammaci ya iso ƙofar gida, lokacin sulhu ya wuce.

Su kansu masu WhatsApp sun gane mai turawa ne matsalar, shi ya sa a 2018 suka fara sa alama a kan saƙon da aka turo, a 2019 suka taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda. Kuma mun ga abin da "tura ma 'yan'uwa" ya yi a watan Agusta 2014 lokacin Ebola, saƙon a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka kwanta asibiti har aka rasa rayuka, duk wanda ya tura da niyyar alheri ya tura.

Batun gogewa kuwa, ya yi kyau da kika goge, amma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta in an cika sharuɗɗa, kuma layinki yana haɗe da lambar NIN ɗinki. Masu tsorata mutane da "dokar intanet" su ma su yi hankali, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi mashi gyara a 2024 an taƙaita shi, ba kowace rigimar guruf ce ke shiga ciki ba, kar wani ya karɓe maki kuɗi da sunan zai kashe magana.

Abin yi yanzu, kar ki ƙara rubuta ko harafi ɗaya kan maganar a waya, ko don kare kanki. Yau ɗin nan, ba gobe ba, maigidanki ya samu dattijo da baban yarinyar ke jin nauyi, limamin unguwa ko mai unguwa ko wani kawu, ku je gidan da ƙafarku ku ba da haƙuri ba tare da "amma ai" ba. Haƙƙin yarinyar ne, kuma yafiya ta fi sauƙi tun magana ba ta kai gaban alƙali ba. In sun yarda, ki rubuta a gurufin da kika yi ɓarnar cewa abin da kika tura ba ki da hujja a kanshi kuma kin janye, ki nuna masu rubutun kafin ki tura. In sammaci ya riga ya zo ki nemi lauya ya ga takardar, kar ki ƙi zuwa.

Ƙa'idar guruf ba ta buƙatar dogon jawabi. Duk saƙon da ya ambaci sunan wani ko gidansu ko hotonshi da abin kunya ba a turawa, ko daga wa ya fito. Hoton gawa da na haɗarin mota a bari, na san wadda ta ga mutuwar ƙanenta a guruf kafin a kira ta, har yau ba ta warware ba. Labarin 'yan bindiga sun shigo gari kaza a tabbatar tukuna, mu nan Katsina mun san yadda irin wannan saƙon ke tada unguwa cikin dare. Wadda ta yi kuskure a bi ta gefe a gyara mata, ba a gaban mata 80 ba, kuma abin da aka faɗa cikin guruf amana ne, ba a ɗaukar hotonshi a kai waje don haɗa faɗa. Murya mai minti tara da tallan atamfa ƙarfe ɗayan dare ma a rage.

Ke kuma a matsayinki na admin, tun 2022 WhatsApp ya ba ki damar goge saƙon kowa a gurufin, ki yi amfani da ita da zarar kin ga irin wannan, ko da na aminiyarki ne, sannan ki kira ta ki gaya mata dalili. Allah ya rufa ma yarinyar nan asiri, ya sa iyayenta su karɓe ku.