Kyamarata ta faɗi ta daina ɗauka: in gyara ko in sayi wata?

Tambaya: Ina sana'ar ɗaukar hoton biki da suna a Zariya. Kyamarata ƙirar Canon 600D ta suɓuce mini a wurin wani ɗaurin aure, tun daga ranar kuwa da na danna sai ta rubuta "Err 30" ta ƙi ɗauka. Ina da lensi biyu, 18-55 da 50, da filasha wadda ba ta Canon ba ce. In kai ta gyara ne, ko in sayi wata, kuma wacce?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Rubutun "Err 30" a kyamarorin Canon yana nuna matsalar shota, wato ɗan ƙyauren nan da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa (ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto) duk lokacin da aka ɗauki hoto. Kafin komai ka cire batir da katin memori, ka jira kaɗan ka mayar, domin wani lokaci hakan kan sake ta. Idan rubutun ya dawo, to ƙyauren ya karye ko ya maƙale.

Ana iya canza shi, sai dai 600D ta fito ne tun 2011, kuma shotar irin waɗannan kyamarori an ƙiyasta mata ɗauka kusan 100,000. Wanda yake ɗaukar hoto 500 a kowane biki zai cinye wannan adadi a biki 200, don haka mai yiwuwa faɗuwar ƙarasa ta kawai ta yi. Ga shi kuma wadda mai gyara zai saka maka, galibi daga wata matacciyar kyamara ya ciro ta. A ganina, idan kuɗin gyaran ya haura rabin farashin irinta ta hannu, ba ya da amfani.

Abin da ya kamata ka fara tabbatarwa shi ne lafiyar lensinka, musamman wanda ke jikin kyamarar lokacin da ta faɗi, saboda shi ne zai yanke hukuncin abin da za ka saya. Ka ɗaura shi a kyamarar wani abokin sana'a, ka manna jarida a bango, ka tsaya daidai gabanta ka ɗauka. Idan rubutun ɓangare ɗaya ya fito tsaf, na ɗaya ɓangaren kuma ya yi dishi-dishi, to wani gilashi ya goce a ciki. Idan lafiyarsu ƙalau, babu dalilin komawa Nikon ko Sony, domin hakan na nufin sake sayen komai daga tushe.

Cikin kyamarorin Canon masu madubi a cikinsu irin taka, 800D ta 2017 da 80D ta 2016 za su karɓi lensinka biyu kai tsaye, kowacce tana da megafiksel 24 da wuraren saita gani 45, maimakon tara da ka saba da su. Na fi karkata ga 80D duk da nauyinta, saboda jikinta ya fi jure ƙura, kuma cajin batir ɗaya kan kai ta hoto kusan 900, abin da mai aiki inda wuta ba ta tsayawa ya san darajarsa. Batirinka na LP-E8 dai ba zai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai tarkon da masu hoton biki da yawa ke faɗawa, kuma ya shafe ka. Kyamarorin 250D da 4000D ba su da ɗigon ƙarfen nan na tsakiya a mazaunin filasha, saboda haka filasha da dama waɗanda ba na Canon ba ba sa tashi a kansu. Haka ma R50 ta 2023 tana buƙatar wata adafta ta daban kafin tsohuwar filasha ta yi aiki. Ka tafi shago da filasharka a jaka, ka gwada a gaban mai sayarwa.

Idan aljihu zai ɗauka, R10 ta 2022 marar madubi ce, kuma can ne kamfanin ya mayar da hankalinsa yanzu. Da adaftar EF-EOS R lensinka za su yi aiki a kanta, tana kuma kama idon amarya da kanta ko da tana tafiya cikin ƙawaye. Amma tana shan batir sosai, sai ka tanadi biyu ko uku, kuma sensarta a buɗe take da zarar ka cire lensi, don haka a lokacin hunturu kada ka canza shi a fili.

In ta hannu za ka saya, ka sa a nuna maka adadin hotunan da shotarta ta ɗauka a kwamfuta. Sannan ka matse ƙofar haske zuwa f/22 ka ɗauki farin bango: ɗigon ƙura ana goge shi, amma tsagi ko layin da ke fitowa a wuri ɗaya cikin kowane hoto lahanin sensa ne, kuma wannan ka bar wa mai shago kayansa.