Hunturun Kano ko dusar ƙanƙara?

Malam, ka tambaya ko zan so dusar ƙanƙara irin ta Kanada a madadin hunturunmu na Kano. Ni dai a bar ni da namu. Can sanyi kan sauka ƙasa da digiri 0, ruwa ya daskare a famfo, guguwar dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi har a rufe makarantu. Mu kuwa, ko a Janairu, da hantsi ya dubi ludayi jiki ya warware.

Abin da ke damuna ƙurar nan ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi: ga tari, ga kaushi, masu asma kuwa sai addu'a. Sai almajiran da ke kwana a soro ba bargo. Don Allah, mai tsohuwar rigar sanyi ya miƙa musu. Kuma a daina kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, yana kisa.