Tambaya da Amsa: Ina so matan asibitinmu su ba da labarinsu a bidiyo, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa a jihar Kano, ɓangaren awo da rigakafi nake. Kullum da safe sai mun yi wa mata bayani kafin a fara layi, amma gaskiya rabi suna hira rabi suna rarrashin yara. Ran nan wata ta miƙe da kanta ta ba da labarin yadda jijjiga ta kusa kashe ta a cikin fari saboda ba ta zuwa awo, wallahi wurin ya yi tsit har masu shara sai da suka tsaya. Shi ne na ce me zai hana mu riƙa haɗa irin wannan a ɗan gajeren bidiyo da waya muna nunawa? Ba mu da kuɗi, ban iya haɗa bidiyo ba, kuma ina tsoron kar in jawo wa wata matsala a gidan mijinta. Daga wata ƙanwarki a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka da alheri. Wannan tsoron da kika faɗa a ƙarshe shi ya sa na san za ki iya aikin, don haɗa bidiyon shi ne mai sauƙin, yaron gidanku ma zai koya miki manhajar CapCut ko KineMaster a yini ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne ki tabbatar labarin ya zauna a hannun mai shi tun daga farko har ƙarshe.

Abin da kike tunani akwai masu yinsa da daɗewa. A Kalifoniya ta Amurka, tun shekarun 1990 su Joe Lambert da Dana Atchley suka fara tara mutanen da ba 'yan fim ba suna taya su haɗa labarin rayuwarsu, cibiyar da suka kafa ta koma Berkeley, daga baya aka sa mata suna StoryCenter. Tsarin nasu ba wani mai wahala ba ne: mutane kaɗan, kwana 3, kowa ya fito da bidiyon minti 2 zuwa 3, muryarsa ce da kansa a kan hotuna. A Birtaniya akwai shirin Patient Voices tun 2003 wanda marasa lafiya da masu jinya ke yi, har ana koyar da ɗaliban aikin lafiya da bidiyoyin. Wanda ya fi kama da namu kuma shi ne na 2007 a Masaka ta ƙasar Yuganda, inda shirin Silence Speaks ya zauna da matan da suka yi fama da yoyon fitsari suka haɗa labarinsu da yarensu, kuma da yawansu ba su taɓa riƙe kyamara ba. Kinga kenan rashin boko ko rashin kayan aiki ba shi zai hana ba.

Toh, fara da izini. Ki sami inchajin asibitinku ki yi masa bayani, shi ya kai maganar sashen lafiya matakin farko na ƙaramar hukuma, sannan a sanar da kwamitin ci gaban mazaɓa da mai unguwa, don ranar da wani miji ya zo yana faɗa waɗannan ne za su tsaya miki. Kuma ki sani akwai doka a kai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce ko in kotu ko doka ta buƙata, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanan da ake ba kariya ta musamman, ta kuma ba mutum damar janye yardarsa duk lokacin da ya so. Wadda ba ta kai shekara 18 ba ni dai shawarata ki bar ta tukuna ko da matar aure ce.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Matar da kika yi wa awo jiya, gobe ma ke za ki ba ɗanta allura, in kika ce mata baiwar Allah ko za ki ba mu labarinki, ba za ta iya ce miki a'a ba. Kunya da kara ba za su bar ta ba, wata ma a ranta tana ganin in ta ƙi za a daina kula ta ko a bar ta a ƙarshen layi. Wannan eh ɗin ba yarda ba ce. Don haka kar ki tunkari kowa ita kaɗai, a yi sanarwa ga kowa da kowa cewa ga abin da za a yi, mai so ta sami wance, kuma wancen ta zama wadda ba ita ke duba su ba, a faɗa da baki ƙarara cewa shiga ko rashin shiga ba ya taɓa maganin kowa. Ki bar su su je gida su yi shawara, har da miji in tana so. Na san wasu za su ce ai labarinta ne ina ruwan miji, eh nata ne, amma ita za ta kwana a gidan bayan bidiyon ya fita, ke kina gidanki.

Takardar yarda ta zama da Hausa, a karanta mata a hankali, wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa gaban shaida. Kuma kar ta zama tambaya ɗaya. A raba ta: kin yarda a nuna wa 'yan uwanki matan da kuke wannan aikin tare kaɗai? a ɗakin jira na asibiti? a taron ma'aikata? a sa a Facebook ko WhatsApp? Kowanne da eh ko a'a ɗinsa. Sannan a sake tambayarta bayan ta kalli bidiyon da aka gama, don abin da mutum ya yarda da shi kafin ya ji muryarsa tana fita daga sifika daban, bayan ya ji kuma daban. Ki gaya mata gaskiya tsirara cewa abin da ya shiga WhatsApp ya tafi kenan, kishiya za ta iya gani, dangin miji za su iya gani, 'yarta in ta girma za ta iya gani. Ni da za ki ji tawa, shekarar farko kar ki sa komai a intanet, a nuna a asibiti daga waya ɗaya ko talabijin ɗaya, kuma kar a tura wa kowa ta Xender komai magiyarsa.

Kar ki ce ai mun ɓoye fuska shikenan. A unguwa murya kaɗai ta isa a gane mutum, haka ƙofar gida, zanin da ta saba ɗaurawa, lallen hannunta, ga kuma katin asibiti da suna da lamba a jiki wanda mutane ke mantawa su rufe. Wadda ba ta so a gane ta, wata ta karanta labarin da muryarta, hotunan kuma su zama zane ko kayan aiki, kwalbar magani, tabarma, hanyar zuwa asibiti, gidan sauro. Kuma labarinta ba ita kaɗai ce a ciki ba, akwai miji da uwar miji da ungozoma, su ba su sa hannu a komai ba, don haka a cire sunaye.

Zaman kansa, ki tara mata 5 ko 6, kar su wuce haka. Kwana 3 a jere ba zai yiwu wa mai girki da goyo ba, ki raba shi zama 4 ko 5, sau ɗaya a mako, awa biyu bayan an tashi daga layi. Zaman farko ba waya ba ɗauka, a zauna a tabarma kowa ta ba da labarinta sauran su saurara, da sharaɗin abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Za a yi kuka, ki shirya, ki sami wata babba mai natsuwa da za ta iya fita da mutum waje ta zauna da ita, kuma duk wadda ta ce ta fasa a bar ta ba tambaya. Daga nan sai a taya kowa ta zaɓi lokaci ɗaya tak a cikin labarin, don ba za ta ba da tarihin aurenta duka a minti 3 ba. Tambaye ta: wace rana ce abin ya canza? Daren da aka rasa mota? Ranar da aka gwada jininki aka ce ya hau? Wadda ba ta rubutu ki ɗauki maganarta, ki rubuta, ki karanta mata, ta ce cire nan ƙara can, kalma 250 zuwa 300 ta isa.

Dan Allah kar ki gyara mata Hausa, kar ki cusa mata jawabin da kuke yi da safe. Da zarar ta fara cewa ina kira ga 'yan uwana mata da su riƙa zuwa awo a kan lokaci, ta koma talla, kuma matan za su koma hirarsu. Abin da ya sa suka yi tsit ran nan shi ne ta faɗi abin da ya same ta da bakinta. In ta ce an yi mata tsawa a asibiti shi ya sa ta daina zuwa, ki bar shi a ciki ko da ya yi muku ɗaci, ku ma'aikata ku kalla ku gyara. Inda kawai za ki sa baki shi ne in akwai bayanin lafiya da ba daidai ba wanda zai cutar da mai kallo, misali ta ce ta daina shan maganin hawan jini tunda ta ji sauƙi, nan sai ku zauna ku yi magana kafin a ɗauka.

Ɗaukar murya ita ce rabin aikin, mutane suna haƙuri da hoto mara kyau amma ba sa haƙuri da sauti mara kyau. Ƙaramin ɗaki mai labule ko katifa, a kashe fanka da janareta, a sa wayar a yanayin jirgi kar kira ya shigo, a riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga baki. Hoto 10 zuwa 15 ya isa, kuma ita za ta zaɓa. Waya ɗaya za a ware wa aikin, da lambar sirri, a kashe abin nan da ke kwashe hotuna da kansa zuwa Google Photos. Ki ba su kuɗin mota da ɗan abin taɓawa, amma kar kuɗin ya yi yawan da mai buƙata za ta sayar da sirrinta saboda shi. Kuma ki fara da abin da ba a tsangwamar mutum a kansa, awo, shayar da nono zalla na wata 6, hawan jini, rainon yaro mai sikila. Ƙanjamau da yoyon fitsari da dukan mata ki bari sai kun ƙware kuma kun sami mai ba da shawara da ta san aikin.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Wata ƙungiya ta zo asibitin garinmu ta ɗauki mahaifiyata tana ba da labarin tarin fukar da ta yi, ta yarda a lokacin, yanzu an sa a Facebook mutane sun fara gudun kokon da take sayarwa. Tana so a cire. Muna da hakki? Daga wani ɗanki a Jigawa.

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Kuna da hakki sosai, yardar da ta bayar ba ta ɗaure ta har abada ba, dokar 2023 da na ambata a sama ta ba ta damar janyewa. Ka rubuta takarda da sunanta, ta sa hannu ko ta dangwala, ka kai wa ƙungiyar ka ba inchajin asibitin kwafi, ka riƙe naka kwafin da kwanan wata, ka ɗauki hoton shafin da bidiyon yake. In sun yi biris ka kai ƙara Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, sannan ka kai rahoton bidiyon ga Facebook ɗin kansa. Wanda mutane suka riga suka sauke a wayoyinsu ba za a iya dawo da shi ba, saboda haka ka roƙi ma'aikatan asibitin su zo da kansu su yi wa mai unguwa da limami bayani cewa tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6, kuma wanda ya gama magani aka tabbatar ya warke ba ya sa wa kowa. In da hali a yi bayanin ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a inda masu sayen kokon za su ji da kunnensu.