Motar da ba ta tashi da safe: kar ka sayi kik tukuna

Salamu alaikum Malam. Na ga tambayarka, ka ce motar ta haura shekara 20, da safe in ka murɗa ki sai dai ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri ba ta tashi, amma in aka ja mata wuta daga wata motar nan take take kamawa ta wuni lafiya lau, batir ɗin kuma sabo ne bai fi wata biyu ba, yanzu bakanike ya ce kik za a canza, wato na'urar da ke juya inji in an murɗa ki. Don Allah dakata. Kik ɗin da ya juya inji da wutar aro ai ba matacce ba ne, wuta ce ba ta isar shi. Shi lalataccen kik yawanci ƙas guda ɗaya yake yi mai ƙarfi ya yi shiru, fitilun mota na nan tar ba su rage ba, wani lokacin in an ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da sifana ya tashi saboda burushinsa ya cinye. Naka ba haka yake ba.

Na daɗe ina fama da tsofaffin motoci kuma irin wannan matsalar wuri uku take ɓuya, ko altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, ba ta caji, ko wani abu na shan batir da dare, ko kuma datti da tsatsa a hanyar wutar. Ka samu ƙaramar mita ta awon wuta ko ka sa mai gyaran wutar mota ya auna a gabanka. A juya ta inda aka rubuta 20V. Da safe kafin a taɓa komai a ɗora a kan batir, cikakken batir 12.6 yake nunawa, in ka ga 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya zube. Sai wani ya murɗa ki kana kallo, bai kamata ta faɗi ƙasa da 9.6 ba. In mota ta tashi a sake aunawa, ana son tsakanin 13.5 da 14.5, a kunna manyan fitilu da fanka a ga ko za ta riƙe. In ta tsaya a 12 da wani abu inji na aiki to altaneta ce, amma ko a nan ma a fara duba fanbel ko ya saki.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, jar fitilar batir da ke kan dashbod dole ta kama in ka buɗe ki kafin ka tada mota, sannan ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa ta wannan ɗan ƙwan ne altaneta ke samun wutar da za ta fara caji da ita, in ya ƙone sai ta ƙi caji har sai an taka totur sosai. Kuma don girman Allah kar ka bari a cire kan batir inji na aiki wai ana gwada altaneta, wannan gwajin na iya ƙona diyod, wato ƙananan na'urorin cikin altaneta da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, har da kwamfutar motar.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga shan batir da dare, tunda ka ce wuni take lafiya sai ta kwana. A kashe komai, a zare ki, a rufe ƙofofi, a kwance kan nagetib, wato kan batir mai alamar (-), a mayar da mita wajen 10A a haɗa ta tsakanin kan batir da wayar da aka cire, a jira ɗan lokaci komai ya lafa. In ta wuce kamar 0.05 sosai akwai ɓarawo. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare lamba ta faɗi nan layin yake. Kar a murɗa ki mita na haɗe a haka, za ta ƙone. Yawanci rediyon da aka sa daga baya aka yi masa haɗin gaggawa ne, ko alam, ko fitilar but. Akwai motar da ta wahalar da mu sosai, ƙarshe wayar hannu muka sa tana ɗaukar bidiyo muka rufe ta cikin but, da muka duba fitilar na nan a kunne, ɗan maɓallin da murfi ke dannawa ne ya lanƙwashe. In an zare fiyus duka lamba ba ta sauka ba, a kwance babbar wayar bayan altaneta, diyod ɗin da ya mutu ma yana tsotse batir.

Sai kawunan batir. In akwai farin gari ko kore-kore a wanke da ruwan ɗumi da bakin soda, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau yadda hannu ba zai iya juya shi ba. Nagetib ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Ka bi baƙar wayar nagetib ɗin har inda aka ɗaure ta a jikin bodi da inji, sau da yawa daga waje lafiya amma in ka ɗan yaye robar sai ka tarar tagullar ciki ta koma kore tana marmashewa. Gwajinta babu wuya, ka ɗauki wayar jan wuta guda ɗaya ka maƙala daga nagetib zuwa ƙarfen inji mai tsabta, in motar ta tashi garau ka gano wurin.

A yi wa batir ɗin cikakken caji kafin duk wannan, domin yawan zubewa har ƙasa yana kashe ko sabo ne. Ka auna da safe, da lokacin murɗa ki, da kuma inji na aiki, ka turo mana lambobin uku mu gani. Allah Ya sa a dace.