Amsa Ga Yayana Na Ƙasar Birnin Kudu Kan Zanen 'Yata

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da aikin gona? Allah ya sa a girbe lafiya.

Tun da a zauren dangi na WhatsApp ka yi tambayar kowa ya ji, bari ni ma in amsa a inda kowa zai gani, don na san ba kai kaɗai abin ya tsaya wa a rai ba. Kun ga hoton 'yata tsaye gaban wani babban zane, ga Turawa ga matan Gana kai ba ɗankwali sun kewaye ta, sai ka ce, "Wai mutanen nan namu na Akra har yanzu Hausawa ne kuwa?" Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai babba ne, kuma tambaya ka yi, saboda haka ga bayani.

Wurin da ka gani ba coci ba ne, ba kuma gidan rawa ba ne. Babban ɗaki ne da aka shafe da farin fenti, aka rataye zane-zane a jikin bango, kowanne da fitila a samansa da 'yar takarda a gefe mai ɗauke da sunan mai aikin. Ranar buɗewa ake tara jama'a, mai zanen ya tsaya a yi masa tambayoyi, daga nan a bar kayan a rataye na wasu makonni, kowa ya shiga ya gani, galibi ba a biyan ko sisi. In ka ga an manna ɗan jan ɗigo kusa da zane, to an saye shi ke nan. Mai gidan dillali ne, sai dai la'adarsa ba irin ta kara ba ce, domin sau da yawa rabin kuɗin yake ɗauka.

Irin waɗannan gidaje suna da dama a Akra. Akwai Gallery 1957 a cikin otal ɗin Kempinski, an buɗe shi ranar 6 ga Maris 2016, sunansa kuma daga shekarar da Gana ta samu 'yancin kai aka ɗauko shi. Can masu dala ke zuwa. Akwai Artists Alliance na dattijon mai zane Ablade Glover a bakin teku, hanyar Labadi, akwai Nubuke a East Legon. Sai na kan titi wanda ya fi kowanne tara jama'a, wato Chale Wote. A 2011 aka fara shi, a watan Agusta ake yi, kuma shekaru da dama a Jamestown aka riƙa yin sa, tsohuwar unguwar masunta 'yan ƙabilar Ga. A rufe titi, matasa su hau tsani su zane bangon gidaje da rana tsaka mutane na kallo. A nan kam akwai abin da ido ba ya so, masu shafa fenti a jiki su fito kusan tsirara, ga kiɗa ga giya. Mu da hantsi muke zuwa mu ga aikin yaranmu, kafin la'asar sakaliya mun kama hanyar unguwarmu ta Nima. Ko a manyan gidajen nan ma, ranar buɗewa akan zagaya da giya a faranti. Yaranmu ruwa ko lemo suke ɗauka, in Magariba ta yi su nemi lungu su shimfiɗa darduma. Wanda ya tashi a garin da Musulmi ba su ne masu rinjaye ba tun yana ƙarami yake koyon wannan, a makaranta da kasuwa da wurin aiki. Ba a kan zane muka fara ba.

Kuma 'yan zango da 'yan arewacin Gana ba 'yan kallo ba ne kawai a wannan harka. Moh Awudu ɗan Nima ne, zanensa yana jikin bangaye da dama a birnin nan. Rufai Zakari ledar fiya wata da sauran ledojin da aka zubar yake tarawa, a wanke, a ɗinke su wuri guda su zama hoto, kuma yana cikin matasan da suka kafa ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art. Ibrahim Mahama na Tamale, wanda aka haifa a 1987, da tsofaffin buhunan algarara ya yi suna, irin waɗanda suka ɗauki koko, suka koma ɗaukar masara, suka ƙare a gawayi. Ya sa aka ɗinke su ya lulluɓe manyan gine-gine da su, a nan da kuma Turai. Da kuɗi suka zo sai ya koma garinsu ya buɗe cibiyar zane a 2019, daga baya ya sayo tsofaffin jiragen sama ya ajiye yara suna shiga ciki suna ɗaukar darasi. Duk wanda ya taɓa dako a kasuwa, in ya tsaya gaban buhunan nan ya ga tambarin 'yan kasuwa da dattin gawayi da gumin mutane a jikinsu, ba sai an yi masa fassara ba.

Ka tambaya ko zane ya halatta. Ni ba malami ba ne, kai ka fi ni karatu. Abin da malamanmu na nan suka karantar da mu a mazhabar Malikiyya shi ne, wanda aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi na abu mai rai, cikakken halitta, mai inuwa. Na kan takarda ko ƙyalle bai kai nan ba, ko da yake barinsa ya fi. Na san akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, a nan ma muna da su, muna kuma girmama su. Sai dai ka ƙara duba hoton da kyau, Yaya. Babu fuskar kowa a zanen 'yata, babu tsuntsu babu dabba. Zayyana ce.

Zayyanar kuwa ta kakanmu ce, ni da kai. Ka san ya bar ƙauyenmu yana saurayi, lokacin ba a ma san da wata jiha wai ita Jigawa ba, ƙasar Kano ake cewa, sai a 1991 aka yanke ta. Fataucin goro ya kai shi Kumasi, daga can ya gangaro Akra, amma abin da aka fi saninsa da shi a zango rubutu ne. In yaro zai yi sauka, wurinsa ake kai allo. Allon saukar Baba yana hannuna har yau, a naɗe cikin tsohon rawani. Fuska ɗaya Fatiha, ɗaya farkon Baƙara, a kewaye kuma aikin hannun tsohon ne: gida-gida cikin gida-gida, ja da rawaya da kore, layuka suna shiga ƙarƙashin juna suna fitowa, in ka ɗora yatsa kana bin guda ɗaya sai ya zagaya da kai ya dawo inda ya faro ba tare da ya yanke ba. A kusurwa ɗaya jar tawadar ta ɗan malala, ka ga inda ya kankare da wuƙa ya gyara. Tun yarinyar nan tana firamare take roƙona in buɗe mata allon. Ta fara kwaikwaya a bayan littafin makaranta, yau ga shi tana yi a kan ƙyallen da ya fi mutum tsawo, da fenti, wani wurin kuma da tawadar da take haɗawa da ƙaro kamar yadda Baba ya nuna mata kafin ya rasu. Aya ko ɗaya ba ta sawa. Ita da kanta ta ce ba ta san hannun da zai saya ba, ba ta san bangon da za a rataye shi ba, ba za ta bari a kai sunan Allah inda bai dace ba. Ban koya mata wannan ba, kuma ran da ta faɗa na gode wa Allah ƙwarai.

Yanzu batun ko mu Hausawa ne. Ka tuna yadda aka yi gidanmu ya rabu biyu. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Gana ta Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Kakanmu ya riga ya rasu. Baffa, mahaifinka, ya ɗauki mahaifiyarsa suka hau babbar mota suka nufi gida da abin da hannu zai iya ɗauka. Baba ya tsaya, domin tasa mahaifiyar 'yar ƙabilar Ga ce, danginta suka tsaya masa. Abin da ya raba su ke nan, ba wai ɗaya ya fi ɗaya son gida ba. Wannan kakar tawa da nake jin wasunku suna kira "Bayarabiyar Gana" ko "arniyar nan", ta musulunta kafin a ɗaura mata aure, ta yi azumi har tsufa ya hana ta, kuma ita ce ta riƙa tashi da asuba tana dama koko tana suyar ƙosai har Baba ya sauke Alƙur'ani. In za a ambace ta a zauren dangi, a ambace ta da addu'a.

Na san Hausar yaranmu tana ba ku dariya. Mace ta shigo su ce "ya zo", su cusa Turanci da yaren Tonawa a tsakiyar magana. Lokacin da muka zo ta'aziyyar Baffa, yara suka riƙa bin ɗana suna sa shi ya yi magana don su kwashe da dariya, har yaron ya daina buɗe baki sai da muka bar garin. Wani dattijo kuma ya dube ni ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban ce komai ba, gidan makoki ne. Amma da Hausar nan da ake wa dariya ake wa'azi a masallatan zango, da ita ake ciniki tsakanin Badagombe da Bazabarme da Bamoshe a Nima. Sabon Zango na Akra Malam Bako ne ya kafa shi tun farkon ƙarni na 20, mahaifinsa daga Katsina ya zo. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, jinin Hausawa ne, a nan Akra aka haife shi a 1919, kuma Kirista da Musulmi duk suna girmama shi. Harshen da ya yi shekara fiye da ɗari a bakin teku, iyaye mata da yawa ba da shi aka haife su ba, amma bai mutu ba, ai kamata ya yi a yaba wa waɗanda suka riƙe shi.

Can a ce mana 'yan Gana, nan kuma har yau akwai mai yi mana kallon baƙi. Shi ya sa baje kolin nan yake da nauyi a wurinmu fiye da yadda za ka zata. Ranar da aka buɗe na 'yata, dattawan masallacinmu suka sa manyan riguna suka zo. Mai gadin wurin ya tare su a ƙofar gilashi yana tambayar wa suke nema, a zatonsa bara suka zo. Sai da yarinyar ta fito da kanta ta ce iyayenta ne. A takardar da aka manna a bango kuma an rubuta cewa ta fito daga unguwar matalauta mai cike da ƙazanta da laifi, ba a ambaci allo ba, ba a ambaci kakanta ba. Ta ce ko a sake rubutun ko ta sauke kayanta. Aka sake. Daga nan na ga ladaninmu, tsoho mai rawar hannu, ya tsaya gaban babban zanen yana nuna wa wata malamar jami'a da sandarsa inda layi ya shiga da inda ya fito, yana gaya mata irin wannan ce a allon saukarsa, wani yaro yana fassara mata, ita kuma tana rubutawa a littafi. Shekara da shekaru ba a ambaton Nima a jarida sai in an yi faɗa ko kwata ta cika.

Shawarar da ka bayar cewa in turo ta gida a aurar da ita kafin ta lalace, na san da kyakkyawar niyya ka yi ta. Amma akwai wanda ya fito, iyayensa sun zo gaisuwa da goro. Ɗan ƙabilar Ga ne, Musulmi ɗan Musulmi, malamin makaranta, mun bincika halinsa mun gamsu. Ba Bahaushe ba ne, kuma ba zan ce da shi ya zama ba. Abin da kakanmu ya yi ke nan, daga nan aka same ni. Za a yi kamu, a sa lalle, a yi jere, a kai amarya da buɗar kai, yadda uwayenmu suka riƙe. Kai ne babba a ɗakin kakanmu yanzu, kai nake so ka zama waliyyi, in ka yarda zan aiko da kuɗin mota.

Akwai kuma abin da take roƙo a wurinka. Ta karanta cewa a duwatsun Birnin Kudu, Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu na mutanen da, wanda masu bincike suka rubuta labarinsa tun shekarun 1950, har gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa. Ta tambaye ni ko danginmu suna zuwa gani, na ce zan tambaya. In wani cikin yaranka ya shiga gari ranar kasuwa, don Allah ya ɗauko mata hotonsu da waya. Tana kuma son hoton ƙoren Goggo masu zane, da na gaban tsohon zauren kakanmu in ruwa bai cinye adon ba. In an samu direban da zai taho nan, a haɗo mata da ƙaro mai kyau da alƙaluman gamba, na nan ba su kai na gida ba.

A gaida Goggo da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. A gaida matan gida da yara duka.