Tambayi Mai Gyara: Tsohon Injin Shara na Tsaye da Sabon Yayi, Wa Ya Fi Cin Yashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni tela ne a Marwa, kuma Allah ya jarrabe ni da son tsofaffin injunan shara na tsaye, irin masu buhu rataye a jikin mariƙi. Ina da Hoover Junior biyu da wani babbansu guda, duk na Ingila, na same su wurin masu kawo kayan gwanjo daga Duwala. Yayana ya sayi sabo mai tiyo, wat 2000, kullum sai ya ce tarkace nake tarawa. Na ce nawa sun fi nasa share kafet, ya ce in kawo shaida. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaishe mini da yayan naka, ka ce masa lambar wat ɗin nan da yake taƙama da ita cin wuta take nunawa, ba aiki ba. Tarayyar Turai ma ta taka wa masu ƙera injunan birki: a 2014 ta hana fito da wanda ya wuce wat 1600, a 2017 ta rage zuwa 900, kuma ba a ji Turawa sun koma tsintsiya ba. Tsohon Junior irin naka wajen wat 250 yake ci.

Abin da ya sa ƙaramin inji haka yake aikin manya, ka kifa shi ka duba cikinsa. Fankarsa na dab da ƙasa, ƙura na bi ta cikin fankar ta faɗa buhu kai tsaye. Hanyar gajera ce mai faɗi, iska na wucewa da yawa ba tare da ta sha wuya a dogon tiyo ba. Sannan ga sandar nan mai juyawa a baki. Ba buroshi kaɗai ke jikinta ba, akwai wasu ƙarafa masu santsi da suka kewaye ta, waɗanda kamfanin Hoover ya fara sakawa a 1926. Iska na ɗan ɗaga kafet daga ƙasa, ƙarafan suna bugunsa, yashin da ya nutse can gindin gashi ya yi tsalle ya fito, iska ta ɗauke. Aikin da iyayenmu mata ke yi ke nan in sun rataye darduma a kan katanga suna jibgarta da sanda. Mu kuwa a nan arewa yashi ne babban abokin gabar kafet, shi ke yanke gashinsa daga ƙasa duk lokacin da aka taka. Injin da zuƙa kawai ya iya sai ya kwashe na sama, kafet ya yi fes a ido, na ƙasa na nan kwance.

Ga yadda za ku raba gardama. Kada ku yarda da gwajin ɗora tafin hannu a bakin tiyo, nan nasa zai kayar da naka ba ko tantama, amma ba tafin hannu ake sharewa ba. Ku sami kafet ɗaya mai gashi, ku kaɗe shi tas, ku raba shi gida-gida daidai wa daida. Ka je rafin Mayo Kaliyawo ka ɗebo busasshen yashi, ka tankaɗe da rariya. Ku ari sikelin masu sayar da kayan yaji, irin mai nuna giram, ku auna giram 200 ga kowane yanki, ku barbaɗa, ku sa yara su tattake shi har ya ɓace a ciki. Ku auna buhun kowane inji kafin a fara. Mutum ɗaya zai tura duka, da tafiya iri ɗaya a hankali, gaba da baya sau ɗaya-ɗaya har goma, sannan a sake auna buhu. Kafin ranar ka sa wa naka sabon bel, ka daidaita tsayin bakinsa da kaurin kafet, don bel mai santsi ya isa ya ba ka kunya a gaban yayanka. Ku yi gwajin duka a zama ɗaya, tunda wutarmu ta safe daban, ta magariba daban. In kun gama, ku kifa kowane yanki a kan farin ƙyalle ku bubbuga bayansa. Abin da ya zubo shi ne alƙali. Ni dai da za a tambaye ni tun kafin a auna, bayan Hoover ɗinka zan tsaya.

Amma kada ka yi saurin guɗa, akwai zagaye na biyu. Ku rufe ɗaki da dare, ku barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka, ku kunna naka, ku haska buhun da tocila. Za ka ga hayaƙin ƙura na tsattsafowa ta jikin yadin. Wannan lahani tun daga tushe ne. Mutumin da ya fara haɗa irin wannan inji a 1907, James Spangler, mai shara ne a wani kanti a Canton ta jihar Ohio a Amurka, ciwon asma ya dame shi, kuma rigar matashin kai ya ɗaura ta zama buhu. Ya yi rajistar fasaharsa a 1908, ya sayar wa William Hoover, mijin 'yar uwarsa, wanda sana'arsa a lokacin kayan doki ne na fata. Buhun yadi na tare yashi, amma ƙurar hunturu da iska ke kwaso mana daga kwarin Bodele na Cadi ta fi gari laushi, wucewa take yi. A nan sabon injin yayanka mai matatar ƙura mai kyau zai rama. In akwai mai ciwon ƙirji a gidanku, ka buɗe tagogi, ko ka nemi buhun takarda da ake sawa a cikin na yadin.

Abu guda kuma, tunda tela ne kai: kada ka kuskura ka shiga shago da su. Duk abin da suka haɗiya sai ya bi ta fanka, maɓalli ɗaya ko fil ya isa ya ɓalle mata haƙori, zare kuma ya nannaɗe sandar har ta cije. Sai a 1963 Hoover ya fito da Dial-A-Matic, na tsaye wanda datti ke shiga buhu kafin iska ta kai ga fanka. In ka ci karo da shi a gwanjo, ka saya, ko don kwatance.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya aiko mini da injin shara na Kirby daga Amurka, mai jikin alminiyam, nauyi kamar me. Filoginsa bai shiga soket ɗinmu na Njamena ba. In sa a canza masa kai?

AMSA: Hajiya, don Allah a dakata. Ba kan filogi ne matsalar ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Cadi da Kamaru 220. Aka canza kai aka jona, ƙarar minti ɗaya zai yi, sai wari. A duba ƙaramin allon da ke manne a jikinsa, don akwai Kirby da aka yi wa kasuwar Turai masu cin wuta irin tamu. In an rubuta 120, sai an sayi taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da injin ke ci da rata mai kyau, don yana fizgar wuta da yawa a lokacin tashi. Kuma a sa mai gyara ya duba wayarsa daga kai har gindi. Jikinsa ƙarfe ne, gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, 'yan aiki kuma ba takalmi suke shara.

TAMBAYA: Baba, daga Ngaundere nake. Bel ɗin Hoover Junior ɗina ya tsinke, an ce in yanko tiyub ɗin babur.

AMSA: Zai juya na kwana biyu, sannan ya yi laushi ya cika maka ɗaki da warin roba. Bel ɗin Junior mulmulalle ne, ba mai faɗi ba. Ɗauki tsinkakken ka je wurin masu sayar da kayan manyan motoci, ka nemi zoben roba mai kaurinsa, wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta kaɗan, tunda tsohon ya riga ya miƙe. Injin da ka san zai daɗe a ajiye kuma, cire masa bel ka adana a inuwa. Ku a Ngaundere da sauƙi, mu nan Garwa zafin Maris da Afrilu kaɗai ya isa ya busar da roba ta tsattsage ko ba a kunna injin ba.